Ƙwan Zabi a Ƙarƙashin Kaza: Gado da Reno a Idon Masu Binciken Ɓera



Da aka ba da sanarwa cewa za a yi lacca a kan ɓera, mun tabbata akwai waɗanda suka zo nan don su ga yadda mai hankali zai ɓata maraice guda a kan ɓarawon rumbu, wanda ko yara ba sa kula shi sai da sanda a hannu. Ba mu ga laifinsu ba. Amma kafin mu shiga ɗakunan gwaje-gwaje na Turai da Amurka, muna roƙonku ku raka mu ƙauye tukuna, domin tambayar da masana suka shafe shekaru wajen ɗari suna yi wa ɓera, iyayenmu mata sun daɗe da yi wa kaza ita.

Duk wanda ya kama hanyar Bichi ko ta Dambatta daga birnin Kano da damina, zai lura da abu guda, watau babu daji. Gona na manne da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa sun rufe ƙasa har bakin danga, sai ɗorawa da gawo da kuka da tsamiya tsaitsaye a tsakanin shuka. Shaihun malamin nan na labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, ya fara rubutu a kan wannan yanki tun 1965, ya nuna yadda yawan jama'a ya sa ake noma gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Gonar da ba ta hutawa kuwa sai da taki, taki kuma sai da dabba. Tun da babu makiyaya, da zarar an yi shuka sai a ɗaure awaki da tumaki a turke a cikin gida, a riƙa yanko musu ciyawa, a tara takinsu a kai gona da rani. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, a wannan yanki mutum da dabbarsa a tsakar gida ɗaya suke kwana. Macen da take daka tana ganin akuyarta ta haihu, tana ganin yadda take lashe ɗan, tana kuma ganin wace kaza ce ke tsayawa ta yi faɗa da shirwa, wace ce kuma ke watsar da 'yan tsaki ta tsere. Ido ne da ya ƙware, ko da yake ba a rubuta abin da ya gani ba.

To, a cikin waɗannan gidaje ne ake yin wata dabara da muke so ku riƙe a zuciya har ƙarshen wannan jawabi. Zabuwa tana da yawan ƙwai, amma ba ta da kirki wajen reno. A cikin ciyawa take ɓoye sheƙarta, in ta ƙyanƙyashe kuma sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa da sassafe, sanyi ya kashe wasu, wasu su ɓata. Saboda haka mai zabi ba ya barin ta ta yi kwanci. Sai ya bi sawunta ya gano inda take sakawa, ya kwaso ƙwan, ya sa wa kazar da ta fara kwanci. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo kuwa yakan kai 26 zuwa 28, amma kaza takan yi haƙuri ta ƙara makon. In an ƙyanƙyashe, 'yan zabin nan kaza suka sani uwa. Suna binta, suna amsa kiranta, suna shiga ƙarƙashin fukafukanta, suna komowa gida da magariba, sun kuma fi waɗanda zabuwa ta rena sabo da mutane. Amma da sun tasa sai zane ya fito, kukan zabi ya fito, firgita da tashi sama da son kwana a kan itace duk su bayyana. Ba a taɓa jin zabon da ya yi cara don kaza ce ta rene shi ba. Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta.

Wato dai a wannan ɗan tsuntsu guda an ga abin da ya bi jini, an kuma ga abin da ya bi mai reno. Manomi ya raba abu biyu da a kullum suke zuwa a haɗe, ba tare da ya kira aikinsa kimiyya ba.

Me ya sa wannan rabawa take da muhimmanci? Domin a kan mutane ma wannan shari'a muke yankewa kullum, kuma da gaggawa muke yanke ta. Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, muna cewa hali zanen dutse. Da bakin nan namu kuma muke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In yaro ya yi sata sai a ce a nono ya tsotsa, maganar da in kuka duba da kyau ba ta tsaya ga jini ba, ba ta kuma tsaya ga tarbiyya ba, tana tsakiya. Da irin waɗannan maganganu ake fasa aure bayan an bincika asali. Da su ake yanke ƙauna daga yaron da bai kai shekara bakwai ba, a ce ai gidansu ba sa karatu. Da su kuma ake ɗora wa uwa laifin duk abin da ɗa ya zama, uba yana gefe yana kallo. Matsalar ita ce, a gida na yau da kullum wadda ta ba yaro rabin jininsa ita ce ta ɗauki cikinsa, ita ta shayar da shi, ita ta goya shi. In ya taso da halinta, ta wace ƙofa halin ya shiga? Ba mai iya faɗa ta hanyar kallo kawai, ba kuma mai izinin musanya 'ya'yan mutane don ya gwada.

A nan ne ɓera ya shigo. Tun wajen 1906 wata cibiyar bincike mai suna Wistar, a birnin Philadelphia na Amurka, ta fara kiwon farin ɓera musamman don gwaji, har yau kuma akwai zuriyar da ake kira da sunanta. Ɓera ya dace da wannan aiki saboda dalilai masu sauƙi. Cikinsa kwana 21 zuwa 23 ne. Uwa takan haifi goma ko fiye a lokaci guda. Ana haihuwarsu tsirara ba gashi, ido rufe, kunne toshe, ba sa ma iya fitsari sai uwa ta lashe su. Ido yana buɗewa wajen kwana 14, ana yaye su a mako uku, kafin wata uku su ma sun isa haihuwa. Mai bincike yana iya ganin kaka da jika a shekara guda. Akwai kuma wani dalili wanda masu awaki za su fi kowa fahimta. Akuya da shinshina take gane ɗanta, kuma a ɗan lokaci kaɗan bayan haihuwa take riƙe warinsa. A 1964 Peter Klopfer da abokan aikinsa sun nuna cewa minti biyar na farko sun ishe ta. In ta sami waɗannan mintoci za ta karɓi ɗanta ko an raba su na awoyi, in ba ta samu ba sai ta tunkuɗe shi. Shi ya sa in akuya ta mutu ta bar ɗa, sai an riƙe wata da ƙarfi kafin ya sha. Uwar ɓera ba ta da wannan tsanani. In aka sa mata ɗan wata a cikin sheƙa a awoyin farko, takan haɗa shi da nata ta rena. Kazar masana ke nan.

Bari mu fara da hujjojin masu cewa jini ne. Wani masani a Jami'ar Kalifoniya, Robert Tryon, ya gina wani akwati mai lunguna da yawa, wasu masu ɓullewa wasu marasa ɓullewa, da abinci a can ƙarshe. Ya riƙa ƙidaya kuskuren kowane ɓera. Waɗanda suka fi saurin gane hanya ya haɗa su da junansu, masu yawan ɓata ma ya haɗa su da junansu, haka zuriya bayan zuriya. Ya buga sakamakonsa a 1940. Kafin a kai zuriya ta takwas gidajen nan biyu sun rabu sarai, har mafi rauni a gidan masu gane hanya yakan fi kusan kowa a ɗaya gidan. Sa'an nan a Novosibirsk ta ƙasar Rasha, tun daga 1972, Dmitri Belyaev da mutanensa suka kama ɓerayen daji suka raba su gida biyu: masu sauƙin kai ga mutum, da masu kai cizo. Bayan zuriya masu yawa, na farko ana ɗaukarsu da hannu kamar 'yan kyanwa, na biyu kuwa sai da safar hannu ta ƙarfe. Da aka musanya 'ya'yansu, aka ba uwa mai sauƙin kai ɗan mai cizo, bai sauya ba. Ya girma da cizonsa. Wannan shi ne zanen zabuwa, kuma duk mai son ya ce gado tatsuniya ce, sai ya fara sa hannu a kejin nan tukuna.

To, amma labarin Tryon bai ƙare a nan ba, kuma sauransa ne ba a cika faɗa ba. A 1949 wani mai suna Searle ya sake gwada gidajen nan biyu da ayyuka iri-iri, ya tarar ashe ba wai ɗaya gidan ya fi ɗaya basira a kowane fanni ba ne. Sun bambanta ne a abubuwa kamar tsoro da kwaɗayin abinci, waɗanda suka dace da wancan akwati guda. Daga nan a 1958, Cooper da Zubek a ƙasar Kanada suka ɗauki zuriya biyu da aka zaɓa ta irin wannan hanya, suka rene su a wurare dabam-dabam. Waɗanda aka tashe su a keji fayau, babu abin hawa babu abin wasa, duk sun zama masu yawan kuskure, har 'yan gidan masu basira. Waɗanda aka tashe su a keji mai tsani da lilo da ramuka kuwa duk sun yi kyau, har 'yan gidan da aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci. Bambancin gidajen biyu bai fito fili ba sai a keji irin wanda aka yi zaɓen a cikinsa tun farko. Malaman makaranta da ke cikin wannan ɗaki, muna fata kun ji.

Yanzu sai mu zo ga uwa, inda muke so mu ɗan daɗe.

A 1957 Seymour Levine ya yi wani gwaji a Amurka wanda ya ba shi mamaki shi kansa. Ya riƙa ɗauke jariran ɓera daga uwarsu na 'yan mintoci kowace rana, sa'an nan ya mayar. Zato shi ne wannan wahala za ta sa su taso da firgita. Sai aka ga akasin haka: da suka girma sun fi waɗanda ba a taɓa ba natsuwa, in aka sa su a fili mai haske sun fi yawo da bincike, jikinsu kuma yana saurin komawa daidai bayan tsoro. Levine ya yi tsammanin asirin ba a hannun mai gwaji yake ba, a wurin uwar yake. Shekaru arba'in bayan haka, a 1997, Michael Meaney da ɗalibansa a Jami'ar McGill ta birnin Montreal suka tabbatar da wannan zato. Duk lokacin da aka mayar wa uwa da 'ya'yanta, sai ta hau lasarsu da gyara su fiye da yadda ta saba. Lasar ce maganin.

Da suka gane haka sai suka daina taɓa 'ya'yan, suka zauna suna kallon iyaye kawai, awa bayan awa, suna rubutawa, kamar dai yadda tsohuwa ke kallon kajinta. Suka tarar a cikin zuriya ɗaya ma iyaye sun bambanta. Akwai masu yawan lasa, masu gantsare baya su rufe 'ya'ya lokacin shayarwa, akwai kuma masu ƙarancin yin haka. Dukansu suna shayarwa, 'ya'yansu duka suna rayuwa suna girma. Amma 'ya'yan masu yawan lasa sun fi natsuwa in sun girma, 'ya'yansu mata kuma su ma sukan zama masu yawan lasa. Duk mai kiwo da ya ga haka zai ce ai gado ne, uwa ta ba 'ya.

A 1999 sai suka yi aikin mai zabi. A cikin awoyin farko bayan haihuwa suka ɗauki 'ya'ya kaɗan daga uwa mai ƙarancin lasa suka kai wa mai yawan lasa, suka kuma yi akasin haka. 'Ya'yan nan ba su bi wadda ta haife su ba, wadda ta rene su suka bi. 'Yar mai ƙarancin lasa da aka kai gidan mai yawan lasa ta taso da natsuwa, da ta haihu kuma ta zama mai yawan lasa, 'ya'yanta ma haka. Ga hali yana tafiya daga kaka zuwa uwa zuwa jika, yana kama da gado ta kowace fuska, alhali ba ta jini ya bi ba.

Yaya harshen uwa zai bar alamar da za ta daɗe har tsufa? In dabba ta tsorata, wasu 'yan ƙullutai da ke bisa ƙoda sukan zuba wani sinadari a cikin jini wanda ke shirya jiki don gudu ko faɗa. Yana da amfani, amma in ya daɗe yana cutarwa, don haka akwai wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke ɗanɗana yawansa a jini ya ba da umurnin a rufe. Kamar mai ban-ruwa ne a fadama, wanda in ba shi da mai ce masa fangali ya cika, sai ruwa ya kashe shukar. Ɓerayen da aka lasa da yawa a makon farko suna da masu ɗanɗanon nan da yawa, don haka suna saurin rufewa. A 2004 Meaney tare da Moshe Szyf da Ian Weaver suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke ba da umurnin ƙera masu ɗanɗanon iri ɗaya ce a duka ɓerayen. Abin da ya bambanta shi ne wasu ƙananan alamu da ke manne a jikinta, masu sa a karanta ta da yawa ko kaɗan. Wanda ya yi karatun ajami ba zai sha wuya a nan ba: baƙaƙen ba su sauya ba, wasula ne aka sa dabam, karatu kuwa ya sauya. Sun kuma nuna cewa da wani magani da aka zuba a ƙwaƙwalwar babban ɓera ana iya sassauta alamun. Gaskiya ne har yanzu masana na muhawara a kan girman waɗannan alamu da kuma ko su kaɗai ne dalili, amma sakamakon musayar reno kansa abu ne da ido ke gani.

Akwai wani gyara da ya kamata mu yi wa misalinmu na zabi, domin kada ku kama mu da shi a lokacin tambayoyi. Ƙwan da aka sa wa kaza ba jini kaɗai ya ɗauko daga zabuwa ba. Ya ɗauko gwaiduwa, watau guzurin da uwa ta shirya masa. A 1993 Hubert Schwabl ya nuna cewa uwar tsuntsu tana zuba sinadaran jikinta a cikin gwaiduwa, yawansu kuma yana iya bambanta daga ƙwai zuwa ƙwai. Saboda haka uwa ta riga ta fara aikinta kafin a ƙyanƙyashe. A ɓera ma haka ne. Tun 1957 William Thompson ya nuna cewa in aka riƙa tsorata ɓera mai ciki, 'ya'yanta sukan fi firgita. A 2003 kuma Darlene Francis da Thomas Insel da wasu suka ɗauki 'yan tayin wata zuriyar ƙananan ɓeraye mai ƙarfin hali suka dasa a mahaifar wata zuriya mai tsoro. Wanda aka sauya wa mahaifa kaɗai bai sauya ba, wanda aka sauya wa mai shayarwa kaɗai ma bai sauya ba. Amma wanda aka haɗa masa biyun ya tashi da halayen da da ake ɗauka na jinin ɗaya zuriyar ne. Ashe ƙofofin ba biyu ba ne, aƙalla uku ne: jini, da ciki, da reno.

Mun san abin da ke zuciyar wasu daga cikin maza yanzu. Suna cewa madalla, ga kimiyya ta tabbatar laifin uwa ne. Ku dakata. Tambaya ta gaba ita ce, me ke sa uwa ta zama mai yawan lasa ko mai ƙarancinta? A 2006 Frances Champagne da Meaney suka ɗauki iyayen da aka riga aka san masu yawan lasa ne, suka takura musu a makon ƙarshe na cikinsu. Da suka haihu sai lasarsu ta ragu ta koma daidai da ta ɗaya rukunin, 'ya'yansu kuma suka taso da halin wancan rukuni. Uwar ita ce dai, jininta bai sauya ba, halin da aka sa ta ne ya sauya. Haka kuma a Jami'ar Kalifoniya ta Irvine, Tallie Baram ta nuna cewa in aka rage wa uwa kayan yin sheƙa kawai, ba duka ba yunwa, renonta yakan tarwatse: ta shiga ta fita, ta fara ta katse, 'ya'yan kuma su ɗauki tabon har girma. Wanda ya hana ta kayan sheƙa ba ɓera ba ne, mai kejin ne.

Ba ma haka kaɗai ba. Kiran ɗaya uwa ta kirki, ɗaya kuma ta banza, kuskure ne. A 2008 an nuna cewa 'ya'yan masu ƙarancin lasa, waɗanda ke baya wajen koyo in ana zaman lafiya, sun fi sauran riƙe darasi in aka gwada su cikin tsananin tsoro. Ɓeran da aka haifa a rumbun da kyanwa ke kwana a gindinsa, natsuwa ba za ta yi masa rana ba. Masana da yawa suna ganin uwa tana sanar da ɗanta ne, ta hanyar renonta, irin duniyar da zai tarar.

To, ina ruwan mutum? A nan dole mu taka a hankali. Ɗan Adam ba ɓera ba ne. Ɓera mako uku yake yi a hannun uwa ɗaya tilo, ɗanmu kuwa shekara biyu yake yi kafin yaye, kuma hannu da yawa ke ɗaukarsa: kaka, da goggo, da kishiyar uwa, da yayar da ke goya shi tana talla. A gidajen da ake kunyar ɗan fari, sau da yawa kaka ce ke yi masa wasan da uwa ke nauyin yi a gaban mutane, bayan yaye ma a kai mata riƙo. Ƙwaƙwalwar mutum kuma tana ci gaba da ginuwa har ya wuce shekara ashirin, don haka babu wani mako guda da in ya wuce an rufe littafi. Duk da haka akwai wurin da binciken ɓera ya taɓa gadon asibiti. Saul Schanberg na Jami'ar Duke ya tarar jariran ɓeran da aka raba da uwa sukan tsaya da girma ko da ana ciyar da su, amma in aka riƙa shafa su da jiƙaƙƙen buroshi kamar harshen uwa, sai girman ya dawo. Da wannan haske Tiffany Field ta gwada tausa ga bakwaini a 1986, waɗanda aka yi wa tausar suka fi sauran ƙaruwar nauyi da kashi 47 cikin ɗari a kowace rana. A birnin Bogota na Kolombiya kuma, tun 1978, ƙarancin kwalaben renon bakwaini ya sa likita Edgar Rey ya fara ɗaura jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, dabarar da yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a yi. Mu da muka tashi a goye ba ma bukatar a yi mana dogon bayani, sai dai abin kunya ne a ce wasu daga cikin 'yan bokonmu sun ɗauki goyo ƙauyanci.

Ga kuma lissafin da ya fi kowane gwaji nauyi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin isasshen abinci mai gina jiki, a shiyyar arewa maso yamma kuwa, inda Kano take, kashi 57 ne. Wannan tsumburewa tun daga ciki take farawa. A ƙauyukan da muka fara da su, lokacin da rumbu ya yi ƙasa shi ne tsakiyar damina, kafin gero ya nuna, kuma lokacin ne sauro da zazzaɓi suka fi yawa, ga aikin ciyar da masu noma da dabbobin turke. Mai ciki da mai shayarwa a wannan wata ita ce ta ƙarshe wajen cin abinci a gidaje da yawa. In yaron da aka yi cikinsa a irin wannan damina ya zo aji ɗaya yana gyangyaɗi, malami ya ce gidansu ba sa karatu, to malamin ya yanke hukunci a kan jini alhali bai duba sauran ƙofofin biyu ba.

Za mu rufe da wani aiki da muke ba ɗaliban kimiyyar dabbobi da na aikin gona, domin ba ya bukatar farin ɓera ko kuɗin waje. Hutun damina na zuwa. Wanda gidansu ke Kunchi ko Makoɗa ko Tsanyawa ko Minjibir, ya nemi izinin gyatumarsa ya tara ƙwan zabuwa guda, ya raba shi kashi biyu ba tare da zaɓe ba. Rabi ya sa wa kazar da kowa a gidan ya shaida uwa ce mai tsayawa kan 'ya'ya, rabi kuma ga wadda aka sani da sakaci. Ya ɗaura wa kowane ɗan zabo zare mai launi a ƙafa. Kowace safiya a lokaci ɗaya ya tsaya a wuri ɗaya ya watsa tsaba, ya rubuta wane ne ya fara matsowa, taku nawa ya rage tsakaninsu kafin ya gudu, in inuwar shirwa ta gifta kuma minti nawa yake yi kafin ya fito daga maɓoya. Ya ci gaba har bayan kaza ta rabu da su, domin a nan ne za a ga abin da ya zauna. Gida ɗaya ba ya isa hujja, sai an sami gidaje ashirin ko talatin, kuma wanda zai yi awon kada ya san wace kaza ce ta reni wane ɗan zabo, don kada ido ya ga abin da zuciya ke so. Waɗanda suka mutu ma a rubuta su, da ranar da abin da ya kashe su. In an dawo hutu a kawo littattafan a haɗa.

Shugaba, mun ga kana duban agogo. Ga mu ga masu tambaya.